Malamin da Bai Yi Nisa da Gida Ba

Ɗan'uwa mai karatu, ka taɓa jin labarin Benjamin Warfield? An haife shi a Amurka a 1851. Ya koyar da tauhidi a Princeton daga 1887 har mutuwarsa a 1921. Ya auri Annie a 1876, ba su sami haihuwa ba. Da ciwo ya kwantar da ita, sai ya rage tafiye-tafiye, daga aji sai gida, yana yi mata karatu, har ta rasu a 1915.

Jinya tana cin ƙarfi da aljihu. A Garwa ma akwai mai kwana bisa tabarma a asibiti saboda uwarsa. Kai masa tuwo, ka karɓe shi dare ɗaya ya sami barci.

Karanta Galatiyawa 6:2.