Dakta Ignaz Semmelweis (1818-1865): Likitan da Ya Ceci Masu Jego da Wanke Hannu

A wannan shafi na tarihin mazan jiya, bana mun ga ya dace mu leƙa ƙasar Turai, mu kawo wa 'yan'uwa labarin wani likita wanda duk macen da ta haihu a asibiti ta koma gida lafiya ke cin moriyar aikinsa, ko da ba ta taɓa jin sunansa ba.

An haifi Ignaz Semmelweis ranar 1 ga Yuli, 1818, a garin Buda, wanda a yau ya zama ɓangaren birnin Budafes na ƙasar Hangari. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne mai rufin asiri. A 1837 ya tafi Jami'ar Biyana don koyon aikin lauya, amma bai daɗe ba ya sauya sheƙa zuwa likitanci, ya kammala a 1844. A 1846 aka ɗauke shi mataimaki a ɓangaren haihuwa na Babban Asibitin Biyana, ƙarƙashin Farfesa Johann Klein.

Asibitin yana da sassan haihuwa biyu. A na farko likitoci da ɗalibansu ke karɓar haihuwa, a na biyu kuwa ungozomomi. Abin da ya hana Semmelweis barci shi ne, daga 1841 zuwa 1846 kimanin mata 10 cikin kowace 100 ke mutuwa a sashen likitoci, akasari da zazzaɓin jego, alhali a sashen ungozomomi kimanin 4 ne. Labarin ya bazu a gari, har mata suka riƙa roƙo kada a kwantar da su a sashen farko, wasu ma suka gwammace su haihu a kan hanya. Manyan likitoci kuwa sun jingina abin ga gurɓatacciyar iska da sauyin yanayi. Semmelweis ya bi dalilan da ake bayarwa ɗaya bayan ɗaya, tun daga cunkoso har zuwa yadda ake kwantar da mai naƙuda, bai ga wanda ya bayyana bambancin ba.

A watan Maris na 1847 abokinsa, Farfesa Jakob Kolletschka, ya rasu bayan wuƙar wani ɗalibi ta yanke shi a yatsa suna cikin binciken gawa. Da Semmelweis ya duba rahoton mutuwarsa, sai ya ga alamomin sun yi daidai da na matan da ke mutuwa. Nan ya gano bakin zaren. Likitoci da ɗalibai kan fito daga ɗakin binciken gawa su wuce kai tsaye wajen masu naƙuda, ungozomomi kuwa ba sa taɓa gawa. Ashe hannun mai magani ne ke ɗauke da cutar, nasa hannun ma yana ciki.

A tsakiyar watan Mayu ya kafa doka cewa kowa sai ya wanke hannu da ruwa mai sinadarin kulorin kafin ya taɓa mai haihuwa. A watan Afrilu mace-macen sun haura kashi 18 cikin 100. A Yuni suka sauko zuwa kusan kashi 2, a Yuli kuma kusan kashi 1.

Sai dai gaskiya ɗaci gare ta. Likitoci da yawa sun ɗauki maganar a matsayin cin fuska, domin tana nufin su ne sanadin mutuwar majinyatansu. A lokacin kuma ba a tabbatar da cewa ƙwayoyin cuta ke haddasa irin wannan ciwo ba, saboda haka Semmelweis yana da alƙaluma amma ba shi da bayanin da zai gamsar da malaman zamaninsa. Dole mu faɗi nasa laifin: ya yi jinkirin rubuta sakamakonsa, kuma mutum ne mai zafin rai. A 1849 aka ƙi sabunta masa aiki, a 1850 ya koma garin Fes. A Asibitin Rochus na can ya maimaita tsarinsa, inda daga 1851 zuwa 1855 mata 8 kacal zazzaɓin jego ya kashe cikin haihuwa 933. A 1855 ya zama farfesa a jami'ar garin, sai a 1861 littafinsa ya fito. Da ya ga an yi biris da shi, ya shiga aika wa manyan likitocin Turai wasiƙu masu zafi yana ɗora musu alhakin rayukan da ake asara, abin da ya ƙara nesanta su da shi.

A 1865 hankalinsa ya taɓu, aka kai shi gidan masu taɓin hankali a Biyana, inda masu gadi suka yi masa duka. Bayan mako biyu, ranar 13 ga Agusta, ya rasu yana da shekara 47, sakamakon rauni a hannu da ya ruɓe, guba ta shiga jininsa. Ciwon da ya yaƙa duk rayuwarsa shi ya ɗauke shi.

Shekara biyu bayan rasuwarsa Joseph Lister na Birtaniya, bisa binciken Louis Pasteur na Faransa, ya wallafa hanyar kashe ƙwayoyin cuta a wajen tiyata, sannu a hankali duniya ta gane Semmelweis ke da gaskiya. A 1969 aka sa wa jami'ar likitanci ta Budafes sunansa, kuma tun 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ke ware 5 ga Mayu don tunatar da ma'aikatan lafiya tsabtar hannu.

Mu da muke zaune a birane mun saba auna asibiti da girman gini da tsadar na'urori, kuma da wannan ma'aunin muke kai gudummawa gida. Tarihin wannan bawan Allah ya nuna mana cewa ya ceci rayuka da abu biyu: ƙidaya ta gaskiya da ruwan wanke hannu. Saboda haka idan muka je gida hutu, mu daure mu leƙa ɗakin haihuwa na asibitinmu, mu tambaya cikin ladabi ko akwai ruwa da sabulu dare da rana, ko ana dafa kayan aiki, ko kuma ana rubuta kowace mutuwa a binciki dalilinta. In ma'aikaci ya nuna gyara, mu mara masa baya tun yana raye. Iyayenmu da ƙannenmu da 'ya'yanmu ne ke kwanciya a kan waɗannan gadaje.