Likita Ponseti, Mai Miƙar da Ƙafar Jarirai

A cikin kowane jarirai 1,000 da aka haifa a duniya, akan sami kamar ɗaya da ya zo da murɗaɗɗiyar ƙafa, watau tafin ƙafar ya karkata ciki yana duban ƙasa. In ba a gyara ba, yaro zai tashi yana taka gefen ƙafarsa, ko takalmi ba zai iya sawa ba. Mafi yawan waɗannan yara kuwa a ƙasashe matalauta ake haihuwarsu. Mutumin da ya samo musu magani mai arha shi ne Likita Ignacio Ponseti.

An haife shi ran 3 ga Yuni, 1914, a tsibirin Minorka na ƙasar Sifen. Ubansa mai gyaran agogo ne, kuma a wurinsa yaron ya koyi aikin hannu mai bukatar natsuwa. Ya gama karatun likita a Barsalona cikin 1936, shekarar da yaƙin basasa ya ɓarke a ƙasar. Sai ya shiga soja yana ɗorin karaya da jiyyar masu rauni. Da aka ci ɓangarensu a 1939 ya tsallaka Faransa, daga can ya wuce Meksiko, ya yi aikin likita a wani ƙaramin gari. A 1941 ya isa Jami'ar Ayowa ta Amurka, inda ya zauna har ƙarshen ransa.

A zamanin nan likitoci fiɗa suke yi wa irin wannan ƙafa. Ponseti ya bi sawun waɗanda aka yi wa fiɗar shekaru da dama baya, sai ya tarar ƙafafunsu sun sandare, ga rauni, ga ciwo. Abin ya dame shi. Ya duƙufa yana nazarin ƙasusuwa da jijiyoyin ƙafar jarirai, har ya gane cewa jijiyar jariri tana da taushi, in an ja ta a hankali za ta bi.

Ga yadda dabararsa take. Likita zai juya ƙafar kaɗan da hannunsa, ya sa mata filasta tun daga yatsu har cinya. Bayan mako guda a cire, a ƙara juyawa, a sake sa wata. Haka za a yi sau biyar zuwa takwas. Daga nan yawancin yara akan ɗan tsaga musu agara don dunduniya ta sauka, a sa filasta ta ƙarshe ta mako uku. Sa'an nan a ba yaro takalma biyu da aka haɗa da sandar ƙarfe. Zai sa su dare da rana har wata uku, bayan haka sai lokacin barci kaɗai, har ya kai shekara huɗu ko biyar. A nan ne aikin ya koma hannun iyaye, domin in suka ji tausayin kukan yaro suka cire takalman, ƙafa takan koma yadda take. In an bi ƙa'ida kuwa, fiye da 90 cikin 100 suna warkewa.

Ya buga sakamakon aikinsa a 1963, amma 'yan'uwansa likitoci suka yi biris da shi wajen shekara 30. A ganina abin ya yi musu sauƙi ne da yawa, suka raina shi. Ya yi ritaya a 1984, ya kāsa zama, ya komo asibiti a 1986. Bayan ya fitar da littafinsa a 1996, iyayen yaran da ya warkar suka riƙa ba juna labari ta intanet, mutane suka yi ta kwarara Ayowa da jariransu.

Amfanin dabarar ya fi fitowa a inda likitocin fiɗa suka yi ƙaranci, gama ma'aikacin asibiti da aka horar sosai zai iya sa filastar. A 1999 likitoci biyu, Shafique Pirani da Norgrove Penny, suka fara koyar da ita a Yuganda, kuma a can aka ƙera takalman da masu sana'ar hannu na gari za su iya yi da kuɗi kaɗan. Daga nan ƙungiyoyin taimako suka kai ta ƙasashe da yawa, suna biyan kuɗin filasta da takalma.

Ponseti bai daina ganin yara ba har ya haura shekara 90. Ya rasu ran 18 ga Oktoba, 2009, yana da shekara 95. Ranar haihuwarsa, 3 ga Yuni, ita aka keɓe kowace shekara don tunawa da yara masu wannan lalura.