John Langdon Down, Likitan da Ya Zauna da Waɗanda Aka Yasar

An haifi John Langdon Down a shekarar 1828 a Torpoint, wani ƙaramin gari a kudu maso yammacin Ingila, kuma a shagon mahaifinsa ya tashi. Ya fara da ilimin harhaɗa magunguna a Landan, sannan ya shiga makarantar likita ta Asibitin Landan a 1853, inda ya yi zarra.

A 1858 ya karɓi aikin da ba kowane likita mai tashe zai kalla ba: shugabancin gidan Earlswood, inda ake ajiye masu raunin basira. Ya tarar da ƙazanta da cututtuka, ga duka ya zama ruwan dare. Sai ya haramta dukan, ya gyara abinci da tsafta, ya sa aka koya wa mazauna gidan sana'o'in hannu. Ya kuma ɗauki hotunansu da dama cikin tufafi na mutunci, abin da ba a saba yi wa irinsu ba.

Wannan zama da su ne ya kai shi ga rubutunsa na 1866, inda ya siffanta lalurar da ke ɗauke da sunansa a yau. Sai dai a nan ya yi tuntuɓe, domin ya danganta kamanninsu da al'ummar Mongoliya, kuma wannan laƙabi ya bi su kusan shekara ɗari kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta daina amfani da shi a 1965. Ainihin musabbabin, wato ƙari a ƙwayar gado ta 21, sai a 1959 masana a Faransa suka gano shi.

A 1868 shi da matarsa Mary suka buɗe nasu gidan, Normansfield, har suka gina masa zauren wasan kwaikwayo. Ya rasu a 1896.

A zamaninsa kaɗan ne daga masu wannan lalura suke kai girma. Yau, inda kulawa ta inganta, da yawa suna kaiwa shekara 60, kuma tsawon ran ya fito da wata matsala fili. Ƙwayar gado ta 21 tana ɗauke da tushen sinadarin da ke taruwa a ƙwaƙwalwar mai cutar Alzheimer, don haka gigin tsufa kan same su tun suna shekara 40 ko 50. Gane shi yana da wuya, domin akan ɗauki mantuwa da sauyin hali a matsayin tsohuwar lalurar, a ba su magungunan kwantar da hankali ba tare da an bincika ba.

'Ya'yansa biyu, Reginald da Percival, likitoci ne, su suka ci gaba da riƙon Normansfield. Bayan rasuwarsa aka haifa wa Reginald ɗa namiji, aka sa masa sunan kakansa, kuma yaron ya zo da lalurar da kakan ya siffanta.