Janar Fu'ad Shihab, Sojan Da Ya Ƙi Ɗora Bindiga A Kan 'Yan Ƙasarsa

Jama'ar ƙasar nan sun daɗe da sanin mutanen Labanan, wato Kwarori, ta fuskar ciniki, musamman a Kano inda suka yi fice wajen sayen gyaɗa da sayar da yadi. Amma ƙasarsu ta asali ta haifi mutanen da suka yi suna a wasu fannonin, kuma daga cikinsu akwai marigayi Janar Fu'ad Shihab, Kirista, kwamandan soja, ministan tsaro, daga baya kuma shugaban ƙasa.

An haife shi ran 19 ga watan Maris, 1902, a garin Gazir da ke cikin duwatsun Labanan. Gidansu gidan sarauta ne, domin zuriyar Shihab ce ta riƙe sarautar Dutsen Labanan daga 1697 har zuwa 1842. Asalin wannan zuriya Musulmi ne, daga baya wani sashe nata ya shiga ɗariƙar Kiristoci ta Maroni, kuma a wannan sashe ne aka haifi Fu'ad. Sai dai bai gaji dukiya ba. Yana yaro mahaifinsa ya tafi ci rani ƙasar waje, ba a sake jin ɗuriyarsa ba, sai mahaifiyarsa ta rene shi tare da ƙannensa a garin Juniya cikin ƙuncin rayuwa.

A cikin 1921 ya shiga makarantar horar da hafsoshi da Faransawa suka buɗe a Dimashƙa, a lokacin da Siriya da Labanan ke ƙarƙashin riƙon Faransa. Ya fito hafsa a 1923, ya yi ta samun ƙarin girma har ƙasar ta sami 'yancin kai a 1943. Ran 1 ga watan Agusta, 1945, aka naɗa shi kwamandan farko na rundunar sojan Labanan.

Ba za a gane nauyin wannan muƙami ba sai an san yadda ƙasar take. Bisa yarjejeniyar da shugabanni suka ƙulla a 1943, shugaban ƙasa Kirista ne ɗan Maroni, firayim minista Musulmi ne ɗan Sunni, shugaban majalisa kuwa ɗan Shi'a. Rundunar soja ita ma ta ƙunshi 'ya'yan dukkan waɗannan jama'u. Shihab ya fahimci cewa duk ranar da aka tura ta faɗa da wani ɓangare na 'yan ƙasa, to, a ranar za ta wargaje, kowane soja ya koma wajen danginsa da bindigarsa.

An jarraba shi a kan wannan a cikin 1952, sa'ad da 'yan adawa suka kira yajin aiki na gama-gari don neman Shugaba Bishara al-Khuri ya sauka. Shihab ya ƙi fito da soja a kan masu yajin. Shugaban ya yi murabus, ya damƙa masa riƙon gwamnati. Mulki na hannunsa, runduna na bayansa, amma 'yan kwanaki kaɗan ya yi a kan kujerar, majalisa ta zaɓi Kamil Sham'un, shi kuwa ya koma bariki. A 1956 an ba shi ministan tsaro, bai daɗe ba ya ajiye.

Jarrabawa mafi girma ta zo a watan Mayu na 1958. Sham'un ya karkata ga Amurka, alhali Musulmi da yawa zuciyarsu na wajen Jamal Abdul Nasir na Masar, ga kuma zargin cewa shugaban na neman zarcewa. Faɗa ya ɓarke a Bairut da Tarabulus da cikin duwatsu. Sham'un, wanda ɗariƙarsu ɗaya da Shihab, ya nemi soja su murƙushe 'yan tawaye. Kwamandan ya ƙi, ya tsayar da rundunarsa wajen tsare fadar shugaba da filin jirgin sama da manyan hanyoyi, da hana kowane ɓangare cin galaba. Ran 15 ga watan Yuli sojan Amurka suka sauka a gaɓar Bairut. Da aka shiga neman wanda kowa zai amince da shi, ba a sami kowa ba sai shi, majalisa ta zaɓe shi shugaban ƙasa ran 31 ga watan Yuli.

A ganinsa, talauci da rashin adalci su ne itacen da ke rura wutar rikicin addini. Saboda haka ya gayyato wani limamin Kirista Bafaranshe, Fada Lebret, masanin tattalin arziki, ya binciki halin da ƙasar ke ciki. Binciken ya nuna cewa mutum 4 cikin 100 ne ke kwashe kusan sulusin abin da ƙasa ke samu, rabin jama'a kuwa na cikin talauci. Daga nan gwamnati ta duƙufa wajen kai hanyoyi da ruwan famfo da lantarki da makarantu yankunan karkara da aka manta da su, waɗanda akasarinsu na Musulmi ne.

Ma'aikatan gwamnati su ne suka fi ganin canji. A 1959 ya kafa Hukumar Ma'aikatan Gwamnati da Hukumar Bincike ta Tsakiya, domin a riƙa ɗaukar ma'aikaci ta hanyar jarrabawa maimakon takardar wani babban mutum, aka kuma riƙa raba gurabe daidai wa daida tsakanin Kiristoci da Musulmi. A 1963 aka yi dokar kafa Babban Bankin Labanan da ta asusun kula da jin daɗin ma'aikata.

Mulkinsa bai rasa tabo ba. A daren ƙarshen shekarar 1961 wata jam'iyya mai neman haɗe Labanan da Siriya ta yi yunƙurin juyin mulki, bai yi nasara ba. Bayan haka sashen leƙen asiri na soja ya yi ƙarfi ƙwarai, har ya riƙa tsoma baki cikin zaɓe da harkokin jaridu, abin da ya jawo wa gwamnatinsa suka mai yawa.

Da wa'adinsa ya cika a 1964, mafi yawan 'yan majalisa sun so a gyara tsarin mulki don ya zarce. Ya ƙi, tun da irin wannan ce ta jawo fitinar 1958. A 1970 aka sake matsa masa ya tsaya, ya ƙi, bisa dalilin cewa 'yan siyasar ƙasar ba su shirya wa gyaran da ake bukata ba. Ɗan takarar da magoya bayansa suka tsayar, Iliyas Sarkis, ya faɗi da ƙuri'a ɗaya tak.

Fu'ad Shihab ya rasu a Juniya ran 25 ga watan Afrilu, 1973, yana da shekara 71. Shekara biyu bayan rasuwarsa yaƙin basasa ya ɓarke, rundunar da ya gina ta rarrabu bisa addini kamar yadda ya yi ta gudu, ba a ajiye makamai ba sai 1990. Hausawa sun ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, shi kuwa Shihab jikan sarakuna ne da ya zaɓi zaman lafiyar ƙasarsa sau da dama alhali mulki na hannunsa.