Edouard Lucas, malamin lakkol da ya gagari injuna shekara 75

A cikin lambobi akwai waɗanda ba su rabuwa daidai sai da 1 ko da kansu, kamar 2, 3, 5, 7, 11 da 13. Mu kira su gagara-raba. Gane ƙanana ba wuya: ɗan makaranta ma ya san 15 ta rabu da 3, amma 17 ta ƙi. Wahala tana ga manya, kuma nan ne mutumin da muke ba da labarinsa ya yi suna.

An haifi Edouard Lucas a garin Amiyan na ƙasar Faransa ran 4 ga watan Afirilu 1842. Bayan ya ƙare karatu ya yi aiki a gidan duban taurari na Paris, ya shiga soja a yaƙin Faransa da Jamus na 1870, sa'an nan ya koma koyar da lissafi a manyan lakkol na Paris har ƙarshen ransa.

Tun 1644 wani fada mai suna Mersenne ya ce in aka jera 2 sau 127, aka ninka su da juna, aka ɗebe 1, abin da ya fito gagara-raba ne. Ya faɗa dai, bai kawo hujja ba. Ga lambar, mai alƙaluma 39:

170 141 183 460 469 231 731 687 303 715 884 105 727

Wanda ya ce zai gwada raba ta da lambobi ɗaya bayan ɗaya, ko da shi da jikokin jikokinsa suka haɗu ba su gamawa. Sai Lucas ya ɓullo ta wata hanya. Ya fara da 3, ya ninka ta da kanta, ya ɗebe 2, ya samu 7. Ya yi wa 7 haka, ya samu 47. Daga 47 sai 2207. In adadin ya wuce babbar lambar, sai ya raba da ita ya riƙe saura kaɗai. Ya nuna cewa in aka yi haka sau ɗari da ashirin da ƴan kai, saura na ƙarshe ya zamo sifiri, to lambar ba ta rabuwa. A kan allo mai gidaje 127 a tsaye, 127 a kwance ya yi aikin, yana gusa ƴaƴa kamar mai dara. Kuskure guda ya isa ya ɓata duka. A 1876 ya tabbatar da maganar Mersenne.

Ba a samu gagara-raba da ta fi wannan girma ba sai 1951, da taimakon inji. Har yau ita ce mafi girma da aka tabbatar da hannu. Dabararsa kuwa, wadda Ba'amurke Lehmer ya gyara a 1930, da ita na'ura mai ƙwaƙwalwa ta tabbatar da wata a 2024 mai alƙaluma fiye da miliyan 41. Kada ma'aikaci ya ɗauka wasa ne: da manyan gagara-raba ake kulle asirin saƙonnin banki.

Ajalinsa ya zo ta inda ba a zata ba. Wurin wata liyafar masana faranti ya faɗi ya fashe, ɓarin ya yanke shi a kunci. Ciwon ya harbu, bayan ƴan kwanaki ya rasu a Paris ran 3 ga watan Oktoba 1891, yana da shekara 49.