Abebe Bikila: Gwarzon da ya ci zinare ba takalmi, ya kuma koma fage a kan keken guragu

A watan Yulin 1970, a filin wasa na asibitin Stoke Mandeville da ke Ingila, wani siririn mutumin Habasha ya zauna a kan keken guragu, ya ɗana kibiya a baka, ya auna allon da ke gabansa. Kusan babu wanda bai san fuskarsa ba a cikin 'yan kallo. Shekaru goma kafin wannan rana, shi ne ya ratsa titunan birnin Rum da ƙafa ba takalmi, ya zama baƙar fata na farko daga Afirka da ya ci lambar zinare a gasar Olamfik. Sunansa Abebe Bikila. Duniya ta haddace labarin ƙafafunsa, amma ba kasafai ake ba da labarin shekaru huɗu da rabi da ya yi bayan ƙafafun sun daina motsi ba, alhali a cikinsu ne rayuwarsa ta fi kusa da ta miliyoyin yara masu nakasa a Afirka.

An haifi Abebe ranar 7 ga Agustan 1932 a ƙauyen Jato da ke lardin Shewa, a tsaunukan tsakiyar Habasha, a gidan makiyaya. A wannan rana ce kuma aka yi gudun fanfalaki na gasar Olamfik a birnin Los Angeles na Amurka. Yana ɗan shekara uku sojojin Italiya ƙarƙashin mulkin Mussolini suka afka wa ƙasarsa a watan Oktoban 1935, suka kama Addis Ababa a watan Mayun 1936, Sarki Haile Selassie ya tafi gudun hijira har zuwa 1941. Yaron ya tashi yana kiwo, yana buga ganna, wani wasan gargajiya mai kama da ƙwallon gora. A 1952 ya shiga rundunar da ke tsaron sarki, wadda a wancan zamani take ɗaya daga cikin 'yan hanyoyin da ɗan talakan ƙauye zai samu albashi da horo.

A cikin rundunar ne Onni Niskanen, wani mai horar da 'yan wasa daga Suwidin da gwamnatin Habasha ta ɗauka aiki, ya lura da shi. Niskanen ya tarar da matashi mai dogon numfashi wanda ya girma a tudun da iska ba ta da kauri, sai ya ɗora shi a kan horo mai tsari. Da aka isa Rum a 1960, takalmin da Abebe ya samu bai zauna masa daidai ba, ya sa masa bororo, don haka ya yanke shawarar yin gudun yadda ya saba a gida.

An yi tseren ranar 10 ga Satumban 1960. An fara da yamma don gudun zafin rana, dare ya yi ana cikin gudu, sojojin Italiya suka jeru riƙe da fitilun wuta a gefen tsohuwar hanyar Appia. Abebe da Rhadi Ben Abdesselam na Maroko suka bar sauran a baya, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa. Hanyar ta bi ta gaban hasumiyar Aksum, dogon dutse sassaƙaƙƙe da Italiya ta kwaso daga Habasha a 1937, wanda ba a mayar da shi gida ba sai a 2005. Daf da ƙarshe Abebe ya ƙara wuta, ya isa ƙofar Constantine cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 16, lokacin da ba a taɓa yin irinsa ba a wannan tsere na kilomita 42 da mita 195. Rhadi ya iso bayan daƙiƙa 25.

Nasarar ta zo a kan gaɓa. A shekarar ce ƙasashen Afirka 17 suka samu 'yancin kai. Nijar ta karɓi nata a watan Agusta, Najeriya kuma saura mata mako uku. Ganin sojan Habasha ya yi zarra a babban birnin ƙasar da ta mamaye tasa shekaru 25 da suka wuce ya sa labarin ya zarce shafukan wasanni. A gida an tarbe shi da gagarumin biki, aka ƙara masa girma zuwa kofur. Sai dai siyasa ba ta bar shi ya huta ba. A watan Disamban shekarar, lokacin da sarki ke ziyara a Barazil, kwamandan rundunar tsaron fada, Janar Mengistu Neway, ya yi yunƙurin juyin mulkin da bai yi nasara ba. An tsare Abebe na ɗan lokaci, aka yi masa tambayoyi, aka sallame shi.

A 1964 aka yi masa tiyatar cire afendis, saura mako biyar gasar Tokyo, mutane da dama suka cire rai da shi. Ranar 21 ga Oktoba ya fito, wannan karon da takalmi, ya kammala cikin awa 2 da minti 12 da daƙiƙa 11, ya sake kafa sabon tarihi, ya ba Basil Heatley na Birtaniya tazarar fiye da minti huɗu. Da ya tsallake layi sai ya koma kan ciyawa yana motsa jiki kamar wanda bai yi komai ba. Shi ne mutum na farko da ya lashe wannan tsere sau biyu a Olamfik. Aka ba shi muƙamin laftanar da mota ƙirar Volkswagen. A gasar Meziko ta 1968 rauni a ƙashin ƙafa ya tilasta masa janyewa kafin a kai rabin hanya, abokinsa Mamo Wolde ya ci zinaren, ya cika wa Habasha uku a jere.

Daren 22 ga Maris 1969, motar Abebe, wanda a lokacin ya kai muƙamin kyaftin, ta ƙwace masa a kan hanya a wajen Addis Ababa, ta kife da shi a ciki. Sai da gari ya waye aka ciro shi. Rauni a ƙashin wuya ya taɓa lakarsa, jikinsa ya shanye daga wuya zuwa ƙasa. Bayan mako ɗaya aka ɗauke shi a jirgi zuwa Stoke Mandeville, inda ya yi wata takwas.

Wannan asibiti yana da nasa tarihin. A watan Fabrairun 1944 gwamnatin Birtaniya ta damƙa wa Dakta Ludwig Guttmann, Bayahuden likitan jijiyoyi da ya tsere wa mulkin Nazi a Jamus a 1939, sashen kula da sojojin da suka ji rauni a laka. Kafin zuwansa, yawancin masu irin wannan rauni ba sa daɗewa a raye, saboda gyambon kwanciya da ciwon mafitsara, likitoci kuma sun ɗauka babu abin da za a yi musu sai jiran rana. Guttmann ya sa ana juya marasa lafiya a kan gado duk bayan awa biyu, dare da rana, ya hana a riƙa cika su da maganin barci, ya kuma shigar da wasanni cikin jinya. Harbin kibiya yana gina ƙarfin kafaɗa da baya, yana koya wa mutum zama daram a kan keke. Ƙwallon tebur tana dawo da saurin hannu da ido. Wani amfanin kuma shi ne, a harbin kibiya mai zaune yana iya karawa da mai tsaye a kan doka ɗaya, kuma yana iya doke shi.

Ranar 29 ga Yulin 1948, ranar da aka buɗe gasar Olamfik a Landan, Guttmann ya shirya gasar harbin kibiya ta mutum 16 masu keken guragu, maza 14 da mata biyu. A 1952 tawaga daga Holan ta shigo, gasar ta zama ta ƙasa da ƙasa. A 1960 aka kai ta Rum, inda 'yan wasa kimanin 400 daga ƙasashe 23 suka hallara, kuma ita ce ake lissafawa a matsayin gasar Paralamfik ta farko. An buɗe ta ranar 18 ga Satumba, kwana takwas bayan nasarar Abebe, a birni ɗaya. Jaridun da suka cika shafukansu da hoton ƙafarsa ba su damu da masu keken ba.

Cikin wannan tsari aka yi jinyar Abebe. A hankali hannayensa suka dawo aiki, ƙafafun kuwa ba su sake ɗaukarsa ba. Ya koma gida, ya ci gaba da atisayen harbin kibiya, a 1970 ya dawo Stoke Mandeville a matsayin ɗan wasa, ya kara a harbin kibiya da ƙwallon tebur. A 1971 aka gayyace shi gasar masu nakasa a Nowe, inda mutumin da ya tashi a tsaunukan Shewa ya hau keken ƙanƙara da karnuka ke ja, ya zo na ɗaya. A 1972 ya halarci gasar Olamfik ta Munich a matsayin babban baƙo, jama'ar filin suka miƙe tsaye suna tafa masa. A wannan gasa Mamo Wolde ya ci tagulla yana ɗan shekara 40.

Fitowar da ya riƙa yi a bainar jama'a tana da nauyi a ƙasar da aka saba ganin gurgu a ƙofar coci ko masallaci yana miƙa hannu, iyaye da yawa kuma suna ɓoye ɗansu mai nakasa a ƙuryar ɗaki don gudun bakin mutane. Mutumin da ya fi kowane ɗan wasa suna a nahiyar ya yarda a ɗauki hotonsa a kan keke, yana gasa, wani lokaci ya ci, wani lokaci a ci shi. Abebe ya rasu ranar 25 ga Oktoban 1973 sakamakon zubar jini a ƙwaƙwalwa, yana da shekara 41. Sarki Haile Selassie da dubban mutane sun halarci jana'izarsa a maƙabartar cocin Saint Joseph da ke Addis Ababa. Ba a cika shekara ba sojoji suka kifar da sarkin.

Akwai gaskiya mai ɗaci a cikin labarin. Abebe ya samu jirgi da ƙwararrun likitoci da keke da kwari da baka ne saboda shi gwarzon ƙasa ne kuma hafsan fada. Ɗan makiyayin Jato da shan inna ta shanye wa ƙafa a shekarar bai samu ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Habasha ma ta daɗe kafin ta gina wani abu a kan abin da ya fara. Lambarta ta farko a Paralamfik ta zo ne a Landan a 2012, lokacin da Wondiye Fikre Indelbu ya ci azurfa a tseren mita 1,500. Zinaren farko kuma sai a 2021, ta hannun Tigist Gezahagn mai raunin gani, a Tokyo, birnin da Abebe ya ci zinarensa na biyu shekaru 57 kafin nan.

Asusun UNICEF ya ƙiyasta a 2021 cewa yara kusan miliyan 240 ne ke da nakasa a duniya, wato kusan ɗaya cikin goma. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu nakasa, a sashe na 30, ta wajabta wa gwamnatoci su tabbatar waɗannan yara sun samu damar wasa da motsa jiki daidai da sauran yara, har da a makaranta. Habasha da Najeriya sun amince da ita a 2010, Nijar tun a 2008. A Najeriya, dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci da aka sa wa hannu a watan Janairun 2019 ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda masu keke za su iya shiga, wa'adin kuma ya cika a farkon 2024 alhali makarantu da filayen wasa da dama suna nan yadda suke.

Hazaƙar kuwa ba ta ɓuya ba. A gasar Landan ta 2012 'yan wasan Najeriya sun dawo daga Olamfik hannu rabbana, takwarorinsu masu nakasa suka dawo da lambobi 13, shida na zinare. A Faris a 2024 haka aka sake yi: babu ko ɗaya a Olamfik, bakwai a Paralamfik. A Kano da wasu biranen ƙasar, matasan da shan inna ta taɓa suna buga ƙwallon guragu da hannu a kan katako mai tayoyi, wasan da aka ƙirƙira a Najeriya. Abin da Guttmann ya gano a ɗakin jinya bai buƙaci dukiya mai yawa ba: fili mai santsi, kayan wasa kaɗan, malamin da ya san yadda zai sauya doka don kowa ya shiga, da kuma manyan da ba za su ce wa yaro ya koma gefe ya tsare wa sauran takalma ba.

Akwai filin wasa a Addis Ababa mai ɗauke da sunan Abebe, kuma tun 1978 ƙungiyar 'yan gudu ta New York take ba da lambar yabo da sunansa. Hotunansa da ake liƙawa a yawancin wurare na Rum ne da Tokyo, yana tsaye, yana gudu. Hoton 1970, inda yake zaune riƙe da baka, shi ne ya kamata ya kai ga azuzuwan firamare da teburin masu tsara kasafin kuɗin ilimi, domin yaron da aka bari a aji lokacin da sauran suka fita wasa ya ga wanda ya yi kama da shi a fage.