LAUYAN DA YA TONA ASIRIN 'YAN DABO

An haifi Angelo John Lewis a birnin Landan ran 23 ga Yuli, 1839. Ya yi karatu a jami'ar Oxford, sa'an nan ya koyi aikin shari'a, ya zama lauya cikin 1861. Amma ko da ya ke shari'a ce sana'arsa, tun yana yaro abin da ya fi shiga ransa shi ne dabo, watau wasan rufa-ido. Bai mai da shi hanyar cin abinci ba, sha'awa ce kurum.

A zamanin nan 'yan dabo na ƙasar Turai suna ɓoye dabarunsu ƙwarai. Wanda ke son koyo sai ya bi wani gwani shekara da shekaru, ko kuwa ya biya kuɗi masu yawa. Lewis ya ga abin nan ilmi ne kamar sauran ilmi, ana iya rubuta shi a koya wa yara. Sai ya fara rubuta darussa cikin wata mujallar yara maza. Cikin 1876 aka tara su aka buga littafi guda mai suna Modern Magic, wanda ya bayyana dalla-dalla yadda a ke wasa da kati, da kuɗi, da zobe, da ƙwallo, har da akwatuna masu ɓoyayyen gindi.

To, amma akwai abin tsoro. Wa zai danƙa ƙararsa ga lauyan da aka san shi da iya rufa-ido? Don haka bai sa sunansa ga littafin ba, sai ya laƙaba wa kansa Farfesa Hoffmann, sunan da ya bi shi har kabari. Waɗansu masu sana'ar kuwa suka yi fushi, suna ganin ya zuba musu ƙasa a abinci. Wannan bai sa ya ajiye alƙalami ba. Ya juya littafin Robert-Houdin, shahararren ɗan dabon Faransa, zuwa Turanci, ya kuma ƙara rubuta waɗansu littattafai nasa, na ƙarshensu cikin 1918.

Abin da masu fushi suka ji tsoro bai auku ba. Maimakon sana'ar ta mutu, sai ta ƙara bunƙasa, gama yaran da suka karanta littafin su ne suka zama gwanayen da suka biyo baya. Cikinsu har da Howard Thurston, wanda ya zama babban ɗan dabon Amurka. Ga kuma abin mamaki: ƙungiyar 'yan dabo ta Landan, Magic Circle, wadda aka kafa cikin 1905, babbar dokarta ita ce riƙe asiri, amma duk da haka 'ya'yanta suka girmama mutumin nan da ya tona shi, suka ɗauke shi uba a sana'ar.

Lewis ya rasu a garin Bexhill, a bakin teku, ran 23 ga Disamba, 1919, yana da shekara 80.

Malamai da ma'aikata, akwai abin lura a nan. Mutumin nan ya nuna wa jama'a cewa abin da ido ya ɗauka sihiri ne, sau da yawa saurin hannu ne da yawan gwaji. Wanda ya san haka, da wuya macuci ya raba shi da kuɗinsa. Rashin sani ya fi dare duhu.